Korar sauro a gidan da ake kiwon mussa

Duk abin da mussa, wato kyanwa, ta taka, cikinta zai je. In ba barci take ba, lasar jiki take: ta ɗaga ƙafa ta lashe, ta jiƙa tafin hannu da miyau ta goge fuska, ta bi wutsiya har ƙarshenta. Saboda haka maganin sauron da aka fesa ya sauka kan siminti ko tabarma, kai takawa kawai za ka yi ka wuce, ita kuwa sai ta haɗiye shi. Ga kuma hantarta, wadda ba irin tamu ba ce, ba irin ta kare ba ce. Akwai wani sinadari da hanta ke amfani da shi ta narkar da guba ta fitar da ita cikin fitsari, mussa kuwa nata kaɗan ne ƙwarai. Abin da jikin kare mai kilo ashirin zai share cikin sauƙi, a jikin mussa mai kilo 3 ko 4 sai ya taru ya hau jijiyoyi.

Ni aikina duba dabbobi ne, galibi tumaki da shanu, kuma a ɓangaren Saga da ke Yamai nake zaune, inda gonakin shinkafa ke ba mu sauro ba tare da mun roƙa ba. Gidana ba ya rabuwa da mussa, don in babu ita ɓeraye ne za su raba buhun gero da mu. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da palu, zazzaɓin cizon sauro, ke cika asibitocin Yamai da yara, a lokacin ne kuma ake kawo mini kyanwa cikin kwali tana karkarwa. Kusan kullum labarin ɗaya ne: mai gida ya tashi yaƙar sauro, ya fara da guba. Shawarata ita ce a bar guba ta zama ta ƙarshe, a fara da abubuwan da ba su da ƙamshi ba su da hayaƙi.

Ruwan da ke kwance

Sauro ba daga sama yake faɗowa ba. Macen ce ke cizo, ita ce ke yin ƙwai a ruwa, kuma a zafin ƙasarmu daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne. Wato ruwan da bai kwana bakwai a wuri ɗaya ba, ba ya haifar da komai. Ka zaɓi rana ɗaya a mako, ni Juma'a da safe nake yi, ka zagaye gida kana kifewa kana zubarwa: tsohuwar taya a bayan ɗaki, gwangwanin tumatir, ƙasan tukunyar fulawa, kaskon kaji, bokitin da aka manta ƙarƙashin indararo. Randa da bido da tano a rufe su ruf. In murfin ya fashe, ɗaura ƙyalle da igiya.

Kwanon ruwan mussa shi ma yana ciki. A sake mata ruwa kullum, kuma a cuɗa jikin kwanon da soso, don akwai wani sauro mai zane fari da baƙi a ƙafa, mai cizon rana, wanda ke manna ƙwansa a bangon kwano sama da bakin ruwa. Shi ne ke ɗaukar zazzaɓin dengi da ya addabi Burkina Faso a 2023.

Sauron da ke yi maka kuka a kunne har ya hana ka barci, yawanci na ruwan datti ne, na rariya da masai da magudanar titi. Mai kawo palu ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugu, irin na sawun mota bayan ruwan sama ko na fadamar shinkafa, kuma in ya sauka a bango za ka gan shi ya ɗaga gindi sama kamar mai ruku'u. Wannan ba ka da iko da wurin haihuwarsa. Mutanen Saga da Kirkisoy da Lamorde sun sani: ana noman shinkafa sau biyu a shekara, kogin Neja kuma bayan cikar damina yana sake cika da ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine wajajen Disamba da Janairu, don haka sauronmu ba ya tafiya tare da damina. Amma na rariyarka kai ne ubangidansa. Buɗe hanyar ruwa, cike kwari da yashi ko ɓaraguzan bulo, rufe bakin masai da faifai ko marfin ƙarfe, bututun iskarsa kuma a ɗaure masa guntun tsohon sange, wato gidan sauro, a baki.

Abin da nake roƙo a bari shi ne zuba baƙin mai ko kananzir a kan ruwan tsakar gida. Gaskiya ne yana shaƙe tsutsar sauro. Amma mussa za ta bi ta wurin da dare, ta kwaso shi a ƙafa, ta zauna ta lashe tas.

Taga, ƙofa, da hanyar mussa

Kuɗin da aka kashe kan griyaji, ragar da ake bugawa a taga da ƙofa, ba ya ɓata. A Katako za ka samu iri biyu, na roba da na ƙarfe. Na roba ya fi araha, ya kuma fi sauƙin bugawa, amma a gidan da ke da mussa kwanansa ƙidayayyu ne, domin da ta hango ƙadangare a waje za ta haye shi da farce huɗu. Sayi na ƙarfe mai ƙananan ido, wanda ramin bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. In na roba ne ƙarfinka, ce wa kafinta ya ƙara maka waya mai manyan ido, irin ta akurkin kaji, ta ɓangaren da mussa ke hawa. Wayar ta ɗauki farce, griyajin ya tare sauro.

Kada ka tsaya a taga. Ɗaga kai ka dubi inda bango ya haɗu da kwanon rufi. Sauron palu in ya jiyo warin numfashin masu barci, bango yake bi ya yi sama, ya shige ta wannan tsagar. Laka ko siminti kaɗan ya isa a toshe ta. Ƙofar griyaji kuma a sa mata abin da zai ja ta ta rufe da kanta, ko da robar tsohon tib ɗin babur ce, don yara ba sa rufe ƙofa, kuma ba za su fara a bana ba.

Sai abin da masu mussa ke yi ba su lura ba. Ana barin ƙofa a ɗan buɗe da dare don kada ta dame mutane da kuka in tana son fita. Ta wannan tazarar ta yatsa huɗu sauron unguwa duka ke shigowa. Ka sa a yanka mata ƙaramar kafa a ƙasan ƙofa, faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, a rataya mata marfin roba mai nauyi daga sama, wanda za ta tura da kai ya koma ya rufe. Kwana biyu na farko ka ɗage marfin da tsinke, ka ajiye kan kifi a ɗaya gefen. Ba ta buƙatar darasi na uku.

Sange

Sange mai magani shi ne babban makami, kuma ina faɗa da babbar murya cewa kada wani ya cire wa ƴaƴansa sange saboda mussa. Na san ana jin tsoro, tunda maganin da ke jikinsa dangin na feshi ne da na ce yana cutar da ita: sangen Olyset yana ɗauke da perméthrine, na PermaNet deltaméthrine. Sai dai maganin yana riƙe a jikin zaren, kaɗan-kaɗan yake fitowa. Mussa ta goga jiki ta wuce ba abin da zai same ta. Abin da ake gudu shi ne ta mai da shi abin tauna, ko ta kwana nannaɗe cikin sabo fil da aka fito da shi daga leda.

Sabon sange a shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a kwana ciki, a kuma rataye shi sama inda ƴaƴan mussa ba za su yi lilo da shi ba. Wanki da sabulu mai laushi da ruwan sanyi, ba a kai a kai ba. An yi shi ne ya jure wanki kamar 20, ya yi shekara 3. Ruwan wankin a zuba shi a rami a rufe da ƙasa, kada a bar shi a baho tsakar gida.

Ainihin rigimar sange da mussa ta farce ce. Da zafi, in an fito tsakar gida an kafa sanduna huɗu, ba abin da take so kamar ta ɗare saman sangen ta kwanta a lotsawarsa, nauyinta ya ja shi ƙasa har ya taɓa jikin mai barci, sauro ya samu wurin cizo ta cikin ido. A ja igiyoyin su yi tsam yadda ba zai lotsa ba, da safe kuma a naɗe shi a ɗaure sama. A ba ta nata wurin kwana mai tsayi, kwali da tsohon zane a kan tebur ko taga, don tsayin take nema. Allura da zare su zauna kusa da gado. Ramin da ɗan yatsa zai shiga a ɗinke shi ranar da aka gan shi, in ba zare a ƙulle wurin.

Masu kwana da ita cikin sange, ban hana ba, amma ku sani da tsakar dare za ta fita farauta, kuma ba za ta cusa gefen sangen ƙarƙashin katifa bayan ta fita ba. Gadon jariri kam babu ita babu shi.

Fanka na taimakawa fiye da yadda ake zato, don sauro ba shi da ƙarfin tashi cikin iska. Mai caji ta fi, saboda ɗauke wuta. Raket ɗin lantarki ma ba ruwansa da hantar kowa; bayan magariba a zagaya da shi bayan ƙofa, ƙarƙashin gado, da cikin tufafin da aka rataye, musamman baƙaƙe.

In sai an yi feshi

Wani dare sauro kan yi yawan da sai an fesa. To, a yi shi da tsari. Juya gwangwanin ka karanta ƙananan rubutun. Rambo ne, Baygon ne, ko wani, za ka ga sunaye masu ƙarewa da thrine ko thrin. Dangi ɗaya ne. A maganin feshi na ɗaki yawansu kaɗan ne, galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa in an kiyaye ba a samun matsala.

Fitar da mussa tukuna, ka tabbata ka gan ta a waje da idonka, don ta iya ɓuya bayan akwati. Fitar da kwanon abincinta da na ruwa da zanen da take kwanciya a kai. Fesa sama da kusurwoyi, ba ƙasa ba. Rufe ɗakin gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwanin, sannan a buɗe tagogi iska ta ratsa kamar awa guda. Kafin ta dawo a goge daɓen da tsumma mai ruwa a bar shi ya bushe. Wannan gogewar ita ce aka fi tsallakewa, ita ce kuma ta fi muhimmanci ga mai lasar ƙafa. In tana da ƴaƴa ƙanana a ɗakin, a haƙura da feshi a nan sai sun girma. A kwashe su zuwa wani ɗaki ma uwar za ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ta maido.

Kuma kada a ɗauka ƙara yawan feshi shi ne ƙara kisa. Masu binciken sauro a ƙasar nan sun daɗe da gano cewa sauron palu ya fara jure wa wannan dangin magani a wurare da dama. Ka zazzage rabin gwangwani, sauron ya tashi ya kakkaɓe, mussa ce da yara za su shaƙa.

Igiyar leko, mai ci kamar awa 7 ko 8, wurinta waje ne: baranda, zaure, gindin bishiya inda ake hira. A rufaffen ɗaki hayaƙinta na tayar da tari ga mutum, mussa kuma tana yin asma kamar mu. Ga hatsarin gobara, don wutsiya ɗaya ta isa ta ture ta kan tabarma. A sa ta cikin tsohon gwangwanin madara da aka huda, a share tokar da safe. Na jonawa a soket mai ɗan ruwa a kwalba, a ɗakin da ba ta kwana, taga a ɗan buɗe. Hayaƙin ganyen dogon yaro ko ɗoɗɗoya ko ɓawon lemo da iyayenmu ke yi a kasko, a tsakar gida ba laifi, mussa da kanta za ta matsa. Korar tasa ba ta daɗewa, da hayaƙin ya mutu sauro ya dawo.

Abubuwan da ba sa shiga gidana

Piya-piya. Wannan ruwan da ake sayarwa a ƙananan kwalabe marasa suna, ko a kwalbar Sniper, dichlorvos ne, maganin ƙwarin gona da rumbu. Ana yayyafa shi a kusurwar ɗaki ko a jiƙa tsumma a tura ƙarƙashin gado, daidai inda mussa ke kwana. Yana kashe sauro, ba musu. Yana kuma kashe mussa, yana kai yara asibiti. Ƙwayoyin kafur da ake watsawa a ɗaki su ma guba ne gare ta, ga shi suna gangarawa kamar abin wasa.

Amma abin da ya fi kawo mini mussa a galabaice ba na ɗaki ba ne, na jiki ne. Wata maƙwabciyarmu, dattijuwa mai son dabba, ta aiko jikanta da gudu wata safiya. Na tarar da muzurunta a kan buhu, kunnuwa na rawa, fatar baya na motsi ita kaɗai, miyau na dalala. Na ce, "Hajiya, me aka sa masa?" Ta ce, "Wallahi Malam, ba komai. Ɗan maganin kaskar ragon nan ne na ɗiga masa a wuya, na ga sauro na damun kunnensa. Ɗigo biyu ne fa." Ɗigo biyun nan na maganin da aka auna don dabba mai kilo arba'in ne. Muzurun ya tashi bayan kwana uku, amma da ƙyar.

A gidajenmu da ake turke ragon layya, wannan kwalbar tana nan a kan katanga, hannu na kaiwa gare ta cikin sauƙi. Haka ma ɗan bututun maganin ƙuma na kare da ake matsawa a ƙeya: wasu na ɗauke da perméthrine kashi 45 zuwa 65 cikin 100. Ko ba a sa wa mussa ba, in ta kwanta jikin karen da aka sa wa, ko ta lashe shi, ya isa. A raba su kwana 3. Ragon da aka yi wa wanka da magani shi ma a hana ta raɓarsa har ya bushe, ruwan da ya kwanta a turken a rufe shi da ƙasa.

Man shafawa na korar sauro da ake saye a farmasi, mai sinadarin DEET, na fatar mutum ne. Ka shafa abinka, ka wanke tafin hannu kafin ka shafa ta, kada kuma ka bar ta ta lashe maka ƙafa. Su kuma ƴan kwalaben man tsirrai da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, na sitronel, na turare, na kanumfari, na na'a-na'a, ana cewa ai na gargajiya ne ba sinadari, hantar mussa ba ta san wannan bambanci ba. Su ma ta hanyar nan da ta yi mata ƙaranci ake narkar da su. Kada a shafa mata, kada a turara su a ɗakin da take rufe. Garin neman gira kada a rasa ido.

Mussa ba ta kamuwa da palu irin namu, gashinta kuma na kare mata yawancin jiki. Inda sauro ke samunta shi ne hanci da bakin kunne, wasu har wurin ya yi ƙuraje ya yi ɓawo. Maganin wannan shi ne ta kwana a ɗaki mai griyaji daga magariba, in ƙurajen sun ƙi warkewa a kai ta a duba.

In abin ya riga ya faru

Alamun kan fito cikin awoyi kaɗan, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu: karkarwa, rawar kunne da fuska, yarfa ƙafa kamar ta taka ruwa, dalalar miyau, tangaɗi, in ya yi tsanani farfaɗiya. Na piya-piya yakan zo da amai da zawo, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya.

In maganin a jikinta yake kuma ba ta fara farfaɗiya ba, wanke ta nan take da sabulun wanke kwanoni na ruwa, ko sabulun wanki in shi ke kusa. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi. Mai zafi yana ƙara shigar da gubar ta fata, mai sanyi yana ƙara karkarwa. Sa leda a hannunka, ka cuɗa har gindin gashi, ka ɗauraye sosai, ka tsane ta da zane. In farfaɗiya ta fara, bar wankan, naɗe ta a zane ka kama hanya, kada ka sa yatsa a bakinta.

Kada a ɗura mata madara, ko manja, ko man gyaɗa, ko ruwan gishiri wai don ta yi amai. Dabbar da ke karkarwa ba ta iya haɗiya daidai, abin sai ya bi ta huhu. Mai kuma yana iya ƙara saurin shigar gubar. Sannan, don Allah, kada a ba ta parasetamol. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana kashe mussa lafiyayya: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, jini ya kasa ɗaukar iska.

Sa ta a kwali mai huji, a rufe don duhu na rage firgita, a kai ta wurin likitan dabbobi ba tare da jiran wayewar gari ba in da hali. Tafi da kwalbar ko gwangwanin a aljihu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jinyar ta bambanta. Gubar piya-piya tana da allurar da ke karya ta, atropine. Ta dangin perméthrine ba ta da makari. Allurar kwantar da jijiya ake yi, da ƙarin ruwa, ana lura da zafin jiki har hanta ta gama aikinta a hankali, kwana 2 ko 3. In likita ya ga kwalbar ba sai ya tsaya cinta ba. Lambar wayarsa kuma a neme ta tun cikin Yuni, kafin ruwa ya sauka, a rubuta a bangon ɗakin girki inda kowa a gidan zai gani.